Takardun Ranar Asabar

"Ina ka je?"

Munir ya tsaya, ƙafa ɗaya a ɗaki ɗaya a waje, makullin mashin a hannunsa.

"Ko sannu da zuwa babu, Nasi?"

"Sannu da zuwa. Ina ka je?"

"Na gaya miki, wajen wani abokina..."

"Shi abokin nan ba shi da suna ne? Wata takwas ke nan, kowace Asabar wajen abokina, wajen abokina! Ko ruwan gidan nan bai taɓa zuwa ya sha ba!"

Ya yi murmushin nan nasa da ya saba kashe mata jiki da shi, ya miƙo mata leda.

"Gasasshen kifi na sayo miki a bakin gada. Haba hasken idona, saki ranki mana..."

Ba ta karɓa ba. Idanunsa take kallo. Sun yi ja, kamar yadda suke yi duk ranar Asabar in ya dawo.

A yi wa Nasiha adalci, ba mai mita ba ce. 'Yar malam ce daga Maroua, kuma shekara ɗaya da rabi da aka kawo ta Garoua ba a taɓa jin kansu ba. Son Munir take yi, son da ita kanta yake ba ta kunya. Amma wace mace ce za ta ga abin da take gani ta yi shiru?

Mutumin da sana'arsa sayar da kayan gyaran mashin ce a shagon mahaifinsa, duk safiyar Asabar sai ya ɗauko wani tsohon littafin Faransanci mai ƙonannen bango, ya zauna yana kwafa a farar takarda da manyan baƙaƙe kamar ɗan aji ɗaya. Ya linke, ya sa a aljihu, bayan la'asar ya fesa turare ya fice. Ta tambaye shi littafin mene ne, ya ce, "Karatu ne kawai." Karatu! Ita ma ai tana ganin ƙananan littattafan da ake sayarwa a kasuwa, waɗanda samari ke satar kalaman yaudarar 'yan mata a ciki.

Matsalar ita ce Faransancinta na cefane ne. A aji uku aka cire ta daga boko ta koma islamiyya. Ta iya tambayar kuɗin tumatir, ba ta iya karanta sirrin miji ba.

Ranar Litinin tana haɗa wanki, ta ci karo da takarda a aljihun kaftaninsa, wadda ya ɓata ya sake wata. A samanta an rubuta wani abu gajere da babban harafin G. Ta sa hijabi, ba ta ko tsaya wanke hannu ba.

A gindin wata dalbejiya kusa da ofisoshin gwamnati akwai wani dattijo, Barthélemy, mai rubuta wa mutane wasiƙa da takardun ƙorafi. Shekara talatin yana wannan aiki, don haka a wurinsa duk takardar da aka miƙo masa wasiƙa ce, ko da kuwa ta likita ce. Ya gyara tabarau, ya karanta, ya ɗaga gira.

"Madam, wa ya rubuta wannan?"

"Kai dai karanta mini."

"Kai! Wannan ya iya Faransi, irin na da. A sama ya ce, zuwa ga G, wadda na yi rashi. Sannan ya ce... to, ya ce kwanakinsa duk sun zama iri ɗaya. Babu inda ke masa ciwo, amma ya gaji. Ya gaji da gida, ya gaji da gari, zaman ma kamar an ɗora masa dutse a ƙirji."

Nasiha ta dafa teburin.

"Ci gaba."

"Ya ce ita ce daɗinsa, ita ce kuma azabarsa. Ya san zunubi ne, amma ba zai iya bari ba. A ƙarshe yana cewa su tafi can nesa, inda ba wanda ya san su." Ya cire tabarau yana girgiza kai. "Madam, in mijinki ne, sai haƙuri. Wannan ya yi nisa."

Ya gaji da gida! Gidan da take sharewa sau biyu a rana, take turare shi har maƙwabta na tambayarta inda take sayen turaren wuta. Ashe dutse ce ita a ƙirjinsa. Tun daga nan har gida kuka take yi a cikin hijabi, mai mashin ɗin da ya ɗauko ta yana ta cewa Allah ya jiƙan wanda ya rasu.

Asabar ta zagayo. Ya fita, ta ba shi tazara kaɗan, ta tare mashin ta ce a bi shi. Suka ratsa gari har unguwar Djamboutou, ya shiga wani lungu ya tsaya a ƙofar ƙaramin gida mai koren ƙyaure. Bai ƙwanƙwasa ba. Makulli ya ciro daga aljihunsa ya buɗe, kamar gidansa.

A bakin lungun wata mata tana suyar ƙosai. Nasiha ta gaishe ta da Fulatanci, ta sayi na ɗari don bakin matar ya buɗe.

"Gidan can? Na Madam Germaine ne. Daga Kaélé ta zo, bara. Ita kaɗai take, ba miji. In ban da coci ba ta zuwa ko'ina. Wannan ɗan gayun shi ya kama mata gidan."

"Tana da kyau?"

"Kyau? Hmm! Ai ko yanzu in kin gan ta..."

Da Nasiha ta tsaya ta tambayi me ake nufi da "ko yanzu", da ta huta. Amma mai kishi ba ta jin ƙarshen magana. Ta bar ƙosan a wurin ta juya.

A gidansu an koya mata cewa mace ba ta tona asirin miji a titi, wajen ubansa take kai ƙara. Washegari da hantsi ta shiga sashen surukinta, Alhaji Mas'udu, ta durƙusa nesa da dardumarsa. Dattijo ne mai kwarjini, wanda kakanninsa suka zo fatauci daga Kano suka zauna, kuma yana ji da ita kamar 'yar cikinsa.

"Lafiya, 'yata?"

"Baba, na kawo ƙara ne..." Ta tura takardar gabansa, ta zayyana masa komai, tun daga littafin har koren ƙyaure.

"Wace ce yarinyar?"

"Wai Germaine... daga Kaélé."

Carbin da ke hannunsa ya tsaya.

"Littafin nan... bangonsa a ƙone yake?"

"E, Baba. Ashe ka san shi?"

Ya ɗauki waya rai a ɓace ya kira Munir. "Duk abin da kake yi ka bari ka zo yanzu."

Har ga Allah, a lokacin Nasiha daɗi ta ji. Ta ɗauka don ita ransa ya ɓaci haka.

Munir ya shigo da sallama, ya ga takardar, ya ga matarsa. Fuskarsa ta canza.

"Tun yaushe?" in ji Alhaji.

"Wata takwas, Baba. Gwaggo Hawa'u ce ta gaya mini kafin ta rasu. Ita ta ba ni littafin."

"Shi ne ka ɗauko ta ka kawo ta garin da nake, a bayan idona?"

"Idanunta sun kusa tafiya, ba ta da kowa a Kaélé..."

Nasiha ta kasa daurewa. "A gaban Baba ma tausayinta kake ji? Wace ce ita da..."

"Uwata ce!"

Munir ya juyo ya dube ta.

"Uwata ce, Nasiha! Ita ta haife ni!"

Uwar da aka ce ta rasu yana shekara huɗu. Uwar da Nasiha ke sawa a addu'a bayan kowace salla. Ta dubi Alhaji ko zai ƙaryata, sai ta ga ya kau da kai.

"Ni na ce a gaya maka ta mutu," in ji shi a hankali. "Na aure ta dangi ba sa so. Malamar makaranta ce, ba addininmu ɗaya ba, ga ta kullum da littafin nan tana karantawa a fili. Aka samu wanda ya fassara wa mahaifiyata, ta ji zancen giya da mata da kabari, ta ce shaiɗanci aka kawo mata gida, ta jefa shi a murhu. Aka ce in zaɓa. Na zaɓa." Ya miƙa hannu. "Kai ma yau za ka zaɓa. Ba ni makullan shago. Ranar da ka mayar da ita inda ka ɗauko ta, ka zo ka karɓa."

Munir ya ciro makullan ya ajiye a gefen dardumar da ladabi, ya tashi ya fita. Ko kallon inda Nasiha take bai yi ba.

Kwana huɗu ba ya cin abincinta. Ranar ta biyar ta tare shi a ƙofa, ta riƙe gefen rigarsa.

"Don girman Allah ka yi mini magana, ko zagi ne..."

"Me zan ce? Kin raba ni da ubana a zama ɗaya."

"Wata takwas ina tambayarka! Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Ya sunkuyar da kai.

"Tsoro na ji. Ke 'yar malam ce. Na ce ranar da kika ji uwata coci take zuwa, da wane ido za ki kalle ni?"

"Ashe kai ma zargina kake yi..."

"Wataƙila. Amma ni ban kai ki gaban kowa ba." Ya zare rigarsa daga hannunta. "Ki shirya gobe ki tafi Maroua. Motar ƙarfe biyu. In zuciyata ta huce zan neme ki."

"In ba ta huce ba fa?"

Ya fice ya bar ta tsaye a ƙofa. Ta san irin wannan tafiya. Daga "je ki gida ki huta" ake farawa, sai a ji takarda ta biyo baya.

Washegari ta fito da jakarta ta tare mashin. Ta buɗe baki za ta ce tasha, sai ta ji kanta ta ce, "Djamboutou."

Ta daɗe a gaban koren ƙyauren kafin ta ƙwanƙwasa. Wadda ta buɗe doguwar dattijuwa ce, baƙa, gashinta fari fat, idanunta sun yi hazo. Hancin Munir ne a fuskarta, har da ɗan ramin haɓarsa. Mai ƙosai ba ta yi ƙarya ba, ko yanzu kyakkyawa ce.

"Wane ne?" ta tambaya da Fulatanci.

Nasiha ta zube a ƙasa. "Ni ce... matarsa. Ni ce na jawo komai."

"Nasiha?" Sai ta juya harshe zuwa Hausa, Hausar da ta koya a gidan Alhaji ba ta manta ba. "Tashi, tashi, 'yata! Shigo in gan ki da ɗan abin da ya rage mini."

Ɗaki ɗaya ne da falo. A jikin bango an manna takardun Asabar a jere, da manyan baƙaƙen Munir, daidai tsayin idon mai su. Nasiha ta ba ta labari duka, ba ta rage komai ba. Da ta zo kan Barthélemy da fassararsa, sai Madam Germaine ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Wasiƙa? Wayyo ni! Waƙa ce, 'yata, waƙa! Wanda ya rubuta ta Bafaranshe ne, ya fi shekara ɗari a kabari. Kishiyar taki ƙashi ce!"

Kunya ta kama Nasiha kamar ƙasa ta tsage.

"Amma Dada... ya ce ya gaji da gida," in ji ta, tana kiran ta uwa da Fulatanci.

"Shi mawaƙin ne ya gaji, kuma ba da gida kaɗai ba, da ransa ma. Littafin duk haka yake. Ƙuncin da ba ka san daga inda ya zo ba, son da kake yi kana jin kunyarsa, tsufa, mutuwa, marmarin guduwa. Yakan ɗauki abin da kowa ke toshe hanci a kansa, ya juya shi har ki ga kyau a ciki. Shekara ashirin da shida ina koyar da shi a makarantar sakandare. Har yau in na haɗu da tsofaffin ɗalibaina, wani soja wani direba, sai su tsaya su karanto mini baiti biyu da ka."

"To ke me kike so a abu mai baƙin ciki haka?"

Dariyar ta bar fuskar dattijuwar.

"Ranar da aka karɓe mini ɗa, kowa haƙuri ya ba ni. Fadan cocinmu ya ce haƙuri, 'yan'uwana suka ce haƙuri. Waƙoƙin nan ne kaɗai ba su ce in yi haƙuri ba. Suka ce e, da ciwo, kuma ba ke kika fara ji ba. Na tsamo littafin daga wuta na bar wa Hawa'u, na ce in yaron ya girma ta ba shi, ko zai san uwarsa ba mahaukaciya ba ce. Na haddace su, amma yanzu kaina ya fara zuba, idon ma ya ƙi ƙananan rubutu. Shi ne yake rubuto mini da manya. In ya zo ya karanta, sai mu yi ta kuka kamar wawaye."

Nasiha ta sa fuskarta a cinyar matar ta yi kuka mai isarta.

"Ya isa. Taso ki ci abinci, miyar kifi na ɗora."

Tana buɗe tukunyar, Nasiha ta toshe baki ta ruga tsakar gida. Da ta dawo tana share fuska, ta tarar da dattijuwar tsaye, murfin tukunya a hannu.

"Wata nawa?"

Ta sunkuyar da kai. "Uku..."

"Ya sani?"

"Na so in gaya masa, sai fushi ya hana ni. Yanzu kuma in na faɗa zai ce don kada ya kore ni ne."

Ƙarar makulli suka ji a ƙyaure. Munir ya shigo da ledar magani, ya ga jaka a tsakar gida, ya ga mai jakar. Ya ɗaure fuska.

"Me kika zo yi nan? Abin da kika yi bai isa ba?"

"Kai!" in ji Madam Germaine. "A gabana za ka ɗaga wa mai ciki murya?"

Ledar ta suɓuce daga hannunsa.

"Mai... me?"

Nasiha ta matso gabansa.

"Ban zo roƙonka ba, na riga na roƙa. Na zarge ka a kan abin da ba ka yi ba, Allah ya gani na yi nadama. Kai kuma ka zarge ni da cewa zan guji wadda ta haife ka. To ka ji. Haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta, haka al'ada ta ce. Ni ba zan je Maroua wankan jego ba. A ɗakin nan zan haihu, Dada ce za ta kula da ni, a ƙofar nan za a raɗa suna. Ko kana sona, ko ka daina."

"Nasi... kin san me kike faɗa? Malam mahaifinki fa? Mutane fa?"

"Malam shi ya koya mini haƙƙin uwa, bai ce sai uwa iri kaza ba. Ni zan yi masa bayani."

Madam Germaine ta laluba kujera ta zauna.

"Mas'udu ba zai tako nan ba, 'yata. Na san shi."

"Jikansa na fari ne, Dada. Ni na kai masa maganar da ta ɓata, ni zan riƙa zuwa ina durƙusa masa har ya gaji da ganina. Zai zo, ko da a bakin ƙyaure zai tsaya."

"Ni da na ɗauka ko fuskar ɗana ba zan ƙara gani ba..." Dattijuwar ta rufe fuska da gefen zaninta. "Allah ka bar mini idon nan wata shida. Wata shida kawai!"

Munir ya juya musu baya yana kallon bango, kafaɗunsa na motsi. Nasiha ta jira. Ta jira har ta fidda rai, sannan ta sunkuya ta ɗauki jakarta.

"Bari in je. Motar Maroua ƙarfe biyu za ta tashi."

Kafin ta kai ƙyaure ta ji an riƙe jakar ta baya. Ta juyo. Hawaye ne shaɓe-shaɓe a fuskarsa, bai ko damu ya share ba.

"Ta tashi mana," ya ce. "Ki yafe mini, hasken idona... Ajiye jakar nan, ki zo ki zauna kusa da uwarmu."